Filash Uku a Cikin Kwando

"Ina alamar take? Injiniya, ina alamar waifai ɗin ta shiga?"

Auta ce ke tambaya. Ta ɗora yatsa a ƙuryar fuskar laftop ɗin, inda 'yar alamar nan mai kama da mafici ta saba zama shekara da shekaru. Wayam, ko ɗigo babu.

Injiniya ya gyara zaman agogonsa, ya saki murmushin nan da ya fi komai ƙona mata rai.

"Kwantar da hankalinki, gimbiya. Tsufa ne ya kama kwamfutar nan."

"Ɗazu da safe fa tana kamawa!"

"To, yanzu ta daina."

"Jibi ne jarrabawata... jibi ƙarfe goma!"

"Ke Auta, rage murya," in ji Yaya daga bakin ƙofa. "Taimakonki aka zo yi."

Ta haɗiye sauran maganar, ta juya ta kalli Umma da ke kishingiɗe a gado. Umma ma ita take kallo, da idanun nan da suka koma yin aikin baki tun da harshe ya yi nauyi.

Shekara huɗu ke nan Auta ba ta yi nisan da ya wuce kantin magani na bakin titi ba. Tana aji uku a jami'a ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Umma, aka ce ta dawo gida na wata biyu kafin a san abin yi. Wata biyun ne har yau bai ƙare ba. Yaya, babban wanta, yana hawan ƙasa da iyalinsa da aikinsa, ita kuma tana hawa na uku da Umma, da magunguna, da tagar da aka gicciya wa ƙarafa. Ko cefane da kwando take yi: ta ɗaura masa igiya ta zura ta baranda, masu talla su zuba mata ta janye.

Abu ɗaya ne ya hana ta zaucewa, tsohuwar laftop ɗin marigayi Baba. Da ita ta ci gaba da karatu daga gida, kwas bayan kwas, tsakanin wankin zanin gado da juya Umma. Yanzu takarda ɗaya ta rage mata, kuma makaranta ta rubuto a fili cewa wannan ce dama ta ƙarshe, shekarun da aka ɗiba mata na karatu sun cika. In ta rasa ta, digirin ya tafi ke nan.

Da safiyar nan shafin jarrabawa ya ƙi buɗewa, wai manhajar laftop ɗin ta tsufa. Nan da nan Yaya ya kira abokinsa. Injiniya kuwa irin mutanen nan ne da ba a taɓa jin "ban sani ba" a bakinsu ba, ga shi wata shida ke nan yana sintiri a gidan da sunan duba Umma, alhali ko wane ɓari ne ya shanye bai sani ba. Ya zo da filash ɗinsa, ɗan ma'ajin nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, ya ce zai goge tsohuwar ya ɗora mata buɗaɗɗiyar manhaja, ta kyauta, wadda manyan masana ke ji da ita. Ta je haɗo masa shayi, ta dawo ta tarar ya gama. Manhaja ta hau lafiya lau, intanet ya ɗauke ƙafa.

"A jona mata waya mana daga rauta," in ji Yaya, yana nufin na'urar intanet ɗin gidan.

"Ramin wayar ya daɗe da karyewa," ta faɗa a sanyaye.

Injiniya ya miƙe yana kaɗa makullin mota.

"Abu mai sauƙi. Jibi na zo na ɗauke ki, ki rubuta a ofishina. Ƙanwata za ta zauna da Umma. In kin gama sai mu biya ki gaisa da Hajiyata, ta daɗe tana son ganin surukarta."

Surukarta!

Auta ta kalli Yaya, Yaya ya kalli silin.

"Ai shi ke nan ma," ya ce. "Magana ta zo da sauƙi."

Ta san ma'anar wannan gaisuwar sarai. Duk macen da ta durƙusa gaban uwar namiji da amincewar wanta, ai ba gaisuwa ta je yi ba, amsa ta kai.

Da suka fita ta rufe ƙofa, ta jingina da ita, ta sulale ƙasa. Kuka ta yi marar sauti, irin wanda ta ƙware a kansa don kada Umma ta ji. A ranta suna ɗaya ke kai kawo, sunan da ta hana bakinta faɗa wata takwas.

Malam Gwaji.

Haka 'yan layin masu gyara suke kiransa, don ba ya ɗaura ko ƙusa ɗaya sai ya ce, "A gwada tukuna." Bara da madannan laftop ɗin suka lalace, mai kantin magani ne ya turo shi, tunda ita ba ta iya fita. Gyaran yini ɗaya ne, amma sai da ya zo sau biyar. Dogo ne marar hayaniya, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Shi ne baƙo na farko da ya shigo ɗakin ya durƙusa ya gaida Umma, ya kuma tsaya ya jira har ta gama haɗa amsarta, komai daɗewa. A ranar Auta ta san ta faɗa tarkon sonsa, faɗawar da babu fita.

Da maganar ta kai kunnen Yaya, a matattakala ya tare shi.

"Rumfa ɗaya, ɗaki ɗaya! Ina za ka ajiye mana uwa? Cikin akwatin sukundireba?"

Ya sa shi ya yi alkawarin ba zai sake taka matattakalar gidan ba. Ita kuma ya ce ta zaɓa, ko Umma ko mai gyara. A gabansa ta goge lambar Malam Gwaji daga wayarta. Ta yi biyayya, amma Allah ya sani ba ta yafe wa kanta ba.

Washegari da hantsi, bayan ta yi wa Umma wanka ta ba ta magani, ta sake zama gaban laftop ɗin. Ta kashe, ta kunna. Ta sake kashewa, ta kunna. Sai ta tuna abin da ya taɓa gaya mata, cewa in kwamfuta ta yi taurin kai a cire mata batir ta huta. Ta kifa ta a cinya, ta zare batir ɗin.

Ta matso da fuskarta kusa.

A cikin ramin batir akwai farin salatif na takarda, da rubutun biro ƙanana, rubutun da ko a mafarki za ta gane. Ɗabi'arsa ce, duk na'urar da ta bi ta hannunsa sai ya bar mata bayani a ciki don mai gyaran da zai zo bayansa. Layin farko sunan katin waifai ne, ɗan abin da ke kamo intanet a cikin laftop ɗin, haruffa da lambobi. Na biyu ya ce: "Katin nan mai zaɓe ne. A gwada a filash kafin a ɗora masa kowace manhaja." Na uku kuwa lambar wayarsa ce.

Ta daɗe tana kallon lambar. Ta ɗago ta ga Umma ta zuba mata ido.

"Umma, na yi wa Yaya alkawari..."

Umma ta ɗaga hannunta mai lafiya, ta nuna 'yar ƙaramar wayar Auta mai madannai da ke kan tebur. Ta sake nunawa, da ƙarfi wannan karon.

Bugu biyu aka ɗauka.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

Ta buɗe baki, murya ta ƙi fita.

"...Auta?"

"Malam..."

"Auta! Lafiya? Umma ce?"

"Umma lafiyarta ƙalau. Ni ce... laftop ɗin ce... gobe ne jarrabawar ƙarshe, waifai ya ɓace, an ce ta mutu..."

Kuka ya ƙwace mata. Ya bari sai da ta tsagaita, kamar yadda yake jiran Umma.

"Ya isa, Autata. Share hawayenki ki karanta mini abin da na rubuta a layin farko."

Ta karanta. Ya tambayi sunan manhajar da aka ɗora, ta faɗa. Ta ji ya ja dogon numfashi.

"Laftop ɗinki ba ta mutu ba. Manhajar ma ba ta da laifi, mai kyau ce. Ki gane, manhajojin nan 'yan gida ɗaya ne, duk kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsu ya gani. Amma katinki ba ya tashi sai da wani ɗan ƙaramin fayil, ita kuma wannan ba ta zuwa da shi. Sai an sauko da shi daga intanet."

"To ai babu intanet ɗin!"

"Shi ne matsalar. Kamar a kulle mutum a ɗaki ne a bar makullin a waje."

Auta ta kalli ƙarafan taga.

"Na san irin ɗakin," ta ce a hankali.

Sai ya ce, "Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Wannan manhajar ba ta yin ƙeta a ɓoye. Tana tsayawa tsakiyar aiki ta rubuta gargaɗi ɓaro-ɓaro, cewa katin waifai ba zai yi aiki ba, a ci gaba ko a dakata? Sai mutum ya danna da hannunsa take wucewa. Ba ki gani ba?"

"Ina kicin... ina haɗa masa shayi."

"To. Bar wannan tukuna. Kwandonki na nan?"

"Yana nan."

"Ba ni awa ɗaya."

"Malam, alkawarin da ka yi wa Yaya fa?"

"Matattakala na ce ba zan taka ba. Titi kuwa na kowa ne."

Rana na tsaka ya iso. Ta leƙa ta baranda ta hango shi tsaye kusa da mai kayan miya, ya rame, rigar nan tasa mai ruwan toka ta ƙara yi masa yawa. Ya ɗago kai. Hawa uku ne tsakaninsu.

Ta zura kwando. Da ta janyo, filash uku ne a ciki, kowanne da salatif ɗinsa: ja, shuɗi, kore. Ga kuma lemo biyu.

Wayarta ta yi ƙara.

"Lemon na Umma ne, kada ki sha mata. Saurara da kyau. Kowane filash manhaja ce daban. Za ki iya kunna ta daga filash ɗin ki ga yadda take, ba tare da ta taɓa komai a laftop ɗinki ba. In ta tambaye ki, ki zaɓi gwadawa. Kada ki kuskura ki danna ɗorawa."

"A gwada tukuna," ta faɗa, murmushi na neman suɓuce mata.

"Ashe kina tunawa."

"Akwai abin da na manta ne?"

Ta hango shi yana sosa ƙeya.

Ta soka jan, ta bi abin da yake faɗa mata a kunne, danna nan, jira, zaɓi na biyu. Manhajar ta buɗe da kyau kamar ɗakin amarya. Ta kai ido ƙurya.

"Babu."

"Ba komai. Cire, sa shuɗin."

Shuɗin ya fi ƙarfin tsohuwar. Fanka ta hau kuka, fuska ta daskare, kibiya ta ƙi motsi. Minti ashirin suna jira. A tsakiyar haka Umma ta buƙaci a juya ta, Auta ta ajiye waya ta je ta juya ta, ta gyara filo, ta goge mata baki. Da ta dawo yana nan inda ta bar shi, cikin rana, ya kare kai da jakar kayan aiki. Mai kayan miya har ta ba shi kujera ya ƙi zama.

"Saura ɗaya," ta ce. "Malam, in wannan ma ya ƙi fa? Gobe Injiniya zai zo da mota. In na shiga motar nan... ba jarrabawa kawai zan je ba."

Ta ji numfashinsa ya sauya.

"In ya ƙi, zan koma rumfa in kawo wasu ukun. In suka ƙi, in ciro katin tawa laftop ɗin in sa miki a kwando, in koya miki kwance ƙusa ta waya. Ba za ki shiga motar kowa don dole ba, kin ji ni? In kuma ranki ne yake so..."

"Ba ya so!"

Ta faɗa da ƙarfin da sai da mai kayan miya ta ɗaga kai.

"To sa koren," ya ce, muryarsa ta yi laushi.

Koren ba shi da kwalliya ko kaɗan. Fuska ce fara fat da 'yan alamomi, amma ya buɗe da sauri, fanka ko tari ba ta yi ba. Auta ta rufe ido, ta yi bismilla, ta buɗe.

Ga ta nan a ƙurya. 'Yar alama mai kama da mafici.

"Ta fito! Malam, ta fito! Umma, ta fito!"

"Alhamdu lillahi! Danna ta, ki gaya mini ko tana ganin rautarku."

Ta danna. Sunaye suka jero, na gidansu, na maƙwabta, na kantin magani. Sai idonta ya sauka kan na saman duka, wanda ya fi kowanne ƙarfi. Ta karanta, ta sake karantawa, hawaye suka rufe mata gani.

"Auta? Kin yi shiru."

"Malam... waye 'Auta ina jiranki'?"

Can ƙasa ta ga ya zaro ɗaya wayar daga aljihu da sauri, ya kalla, ya dafe goshi.

"Innalillahi... waifai ɗin wayata ne. Na manta a kunne yake."

"Tun yaushe yake da wannan sunan?"

"Tun ranar da na sauka daga matattakalar nan."

"Wata takwas? Duk layin masu gyara suna gani?"

"Sun yi tsiyar har sun gaji."

Ta yi dariya cikin kuka, ta kifa kai a kan tebur. Wata takwas tana zaton ita kaɗai ke ƙonewa.

"Ina sonka," ta ce. "Ban taɓa dainawa ba, ko na minti ɗaya."

"Ni ma haka, abar ƙaunata... amma kada ki ɗora tukuna. A gwada kyamara, a gwada sauti, a buɗe shafin makarantar, a bar ta awa guda mu ga ko za ta yanke."

"Kai dai ba ka sauyawa!"

Awa guda suka ba ta, ba ta yanke ba. Kyamara ta nuna fuskarta da kumburarrun idanu, shafin jarrabawa ya buɗe har da sunanta a sama. Sannan ne ya yarda ta ɗora. Tana cikin mayar da filash biyun a kwando bayan la'asar, motar Injiniya ta tsaya a ƙofar gida, Yaya a gefensa. Kwandon ya sauka daidai gaban hancin Yaya.

Ba ta ji abin da aka faɗa a ƙasa ba. Takun matattakala kawai ta ji, sai ƙofa ta bugu da bango.

"Ni za ki tozarta a titi?" Yaya har haki yake. "Ba ki goge lambar nan a gabana ba?"

"Na goge, Yaya."

"To uban wa ya kira shi?"

"Ni ce. Ga laftop ɗin da aka ce ta mutu."

Ta juyo masa da fuskar. Yaya ya kalli shafin makarantar, ya kalli Injiniya da ya shigo bayansa.

"Sa'a ce kawai," in ji Injiniya yana gyara wuyan riga. "Irin gyaran bakin titi, gobe tana tsakiyar rubutu zai watsa mata ƙasa a ido."

Auta ba ta taɓa kallon tsakiyar idonsa ba sai yau.

"Injiniya, jiya da kake ɗora manhajar, ba ta tsaya ta yi maka gargaɗi a kan katin waifai ba?"

"Wane gargaɗi? Babu wani gargaɗi."

Ƙwanƙwasa suka ji. Umma ce ke buga zobenta a ƙarfen gado. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a ofis kafin ta yi ritaya, ciwo ya karɓe mata hannu da harshe, amma bai taɓa idonta ba. Kuma jiya a kan teburin gadonta aka yi aikin.

"Na... gani," ta ce.

Kowace kalma sai ta yi kokawa da ita kafin ta fito.

"Ya... karanta. Ya... leƙa... ƙofa. Ya... danna."

"Haba Umma, ai ba ki gane ba ne, rashin lafiya..."

"Kai!" Yaya ya daka masa tsawa. "Uwata ce ba ta gane ba?"

Injiniya ya shiga kame-kame. Ya ce shi alheri ya nufa, ya ce ai ko ta faɗi jarrabawar ba abin da za ta nema ta rasa a gidansa. Wannan maganar ce ta ƙarasa shi. Yaya ya buɗe masa ƙofa da kansa, bai ko raka shi matattakala ba.

Sai Yaya ya zauna a bakin gadon Umma kamar wanda aka zare wa laka.

"Ya ce zai ba Umma ɗaki a gidansa, da ma'aikaciyar jinya," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Tsoro nake ji, Auta. In kika tafi ban san yadda zan yi da ita ba. Ko juya ta ban iya ba."

"Ba ka taɓa tambaya ba ne, Yaya. Da na koya maka."

Umma ta kama hannun rigarsa ta ja.

"Ni... ba... kaya... ba ce."

Yaya ya sunkuyar da kai, ƙato da shi, hawaye na ɗiga a gwiwarsa. Can ya zaro wayarsa, ya buɗe jerin waifai, ya miƙa wa Auta. Sunan na nan a sama.

"Duk yammacin duniya sai wannan abin ya fito a wayata, ya yi minti biyar ya ɓace. Wata takwas. Na san yana tsayawa a tsallaken titi, kuma ko sau ɗaya bai taka mini matattakala ba." Ya share fuska. "Ni ne na ƙi gaya miki."

"Kira... shi," in ji Umma.

Yaya ya fita baranda, ya leƙa.

"Kai mai gyara! Hawo!"

Muryar Malam Gwaji ta taso daga ƙasa. "Yaya, alkawarin fa?"

"Na warware! Ko sai na zuro maka kwandon ne?"

Dariyar mai kayan miya har hawa na uku.

Washegari ƙarfe goma saura kwata, Auta ta zauna gaban laftop ɗin ita kaɗai a falo, ƙofa a rufe. A ɗakin Umma kuwa maza biyu ne ke ta fama, Yaya da ya ɗauki hutun yini, da Malam Gwaji da ke nuna masa yadda ake tallabo kafaɗa kafin a juya majinyaci, don shi tun bara ya koya da ido. Awa uku alamar maficin nan ba ta ko ƙifta ba. Da ta danna aikawa, shafin ya ce an karɓa, ta yi hamdala ta miƙe.

Ta buɗe ƙofar ɗakin. Fuskoki uku suka juyo.

"Na gama," ta ce.

Umma ta yi murmushi da rabin fuskarta, murmushin da ya fi na masu fuska duka. Yaya ya yi gyaran murya, ya ɗauko mayafinta daga kan ƙofa ya miƙa mata.

"Je ki sha iska. Ina nan da Umma har magariba. Daga yau Talata da Asabar ma nawa ne."

"Ina zan je, Yaya?"

"Oho miki. Titi dai ya fi kantin magani tsawo."

Ta sauka matattakalar a hankali tana dafa bango, Malam Gwaji na bin ta a baya da taku biyu. A bakin ƙofa rana ta dalle mata ido, ta tsaya. Ta ɗaga kai ta kalli barandarsu da igiyar kwando na lilo. Ashe haka take ƙanƙanuwa daga ƙasa.

"Dama ko hagu?" ya tambaya.

"A gwada dama tukuna," ta ce.

Sakamako ya fito bayan wata biyu, ta ci. Bayan wata uku kuma aka ɗaura aurenta da Malam Gwaji, ango ya kama ɗakunan da ke kallon na Umma a hawa na uku, ya kafa teburin gyaransa a gefen taga. Ranar da aka kai amarya, tafiyar taku bakwai ce daga ƙofa zuwa ƙofa, amma Yaya ya rantse sai an sauko da ita an zaga unguwa da mota tukuna.

Suna cikin motar ne wayar Yaya ta nuna sabon suna a jerin waifai. Ya karanta, ya yi tsaki, ya miƙa wa amarya ta bayan kujera.

Ta ɗaga mayafi ta duba.

"Auta ta sauko."